Babi na Shida: Ɗaci, Yaji da Ƙamshi a Matsayin Maganin Ƙwari

Tsiro ba shi da ƙafar gudu. Inda iri ya faɗi nan zai tsira, nan zai girma, nan kuma fara da tsutsa da akuya za su iske shi. Da ba shi da dabarar kare kansa, da tuni an cinye shi ƙurmus. Dabarar kuwa a jikinsa take: ɗacin maɗaci, yajin barkono, warin tafarnuwa, ƙamshin ɗoɗɗoya, farin ruwan tumfafiya. Wasu daga cikinsu mun mayar da su kayan miya, wasu maganin zazzaɓi, amma aikinsu na asali shi ne su hana maciya sakewa.

Mai lambun gida yana iya aron waɗannan makamai. Yana da dalilin yin hakan fiye da mai babbar gona, domin lambunsa a tsakar gida yake ko a bayan ɗaki, inda yara ke wasa, kaji ke tono, uwargida kuma ke tsinkar alayyafo da rana ta zuba a tukunya da yamma. Maganin kwalba mai ƙarfi yana bukatar a jira kwanaki kafin a ci abin da aka fesa, kuma a lambun da ake tsinka kullum ba kowa ke iya jiran ba. Mun ga inda sakaci da wannan ya kai mu: a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan ragowar maganin ƙwari da aka riƙa samu a cikinsa, irin sinadarin nan da ke cikin fiya-fiya. Waken da aka ƙi karɓa a can, irinsa ne a kasuwanninmu.

Sai dai tun daga farko a san abu ɗaya: mafi yawan maganin da ake samu daga tsirrai ba ya kisan nan take, kuma ba ya daɗewa a kan ganye. Wanda ya riga ƙwari isa fangali shi yake cin moriyarsa. Wanda ya bari sai sun gama mamaye lambu, ya fesa ya ga ba su zube ba, shi ne zai ce maganin ƙarya ne.

Itacen da fara ta ƙi

A shekarar 1959 wani masanin ƙwari ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Schmutterer, yana aiki a Sudan lokacin da farar ɗango ta sauka. Ta cinye duk wani kore da ta tarar, ta bar itatuwa tsirara, ban da iri ɗaya. Farar tana sauka a kansa, amma ba ta ci. Itacen shi ne darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, wasu bedi, wasu maina. Abin da ya gani ya sa ya shafe sauran rayuwarsa ta aiki yana binciken itacen. Manoman Indiya, inda darbejiya ta samo asali, sun daɗe da sanin wannan. Tun zamanin da suke cusa ganyenta a rumbu da cikin akwatin tufafi.

Darbejiya baƙuwa ce a ƙasarmu, ko da yake ta zama 'yar gida. An kawo ta Gana a zamanin Gwamna Guggisberg, wanda ya yi mulki daga 1919 zuwa 1927, aka shigo da ita Borno a 1928, daga nan ta bazu. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa ta Nijar, tun daga 1975 aka riƙa dasa ta layi-layi don ta tare iska daga gonakin gero. Yau da wuya a sami ƙauye daga Sakkwato zuwa Damagaram da ba a zama a inuwarta. Ke nan maganin yana zuba a ƙofar gida kyauta, ana share shi da tsintsiya ana ƙonawa.

A 1968 masana biyu a Ingila, Butterworth da Morgan, suka ware sinadarin da ke hana fara cin darbejiya, aka sa masa suna azadiraktin. Yana da sarƙaƙiyar gini sosai, har sai a 2007 aka iya haɗa shi a ɗakin gwaji a jami'ar Kambirij, bayan aikin fiye da shekara 20. Har yanzu itacen ne hanya mafi sauƙi ta samunsa.

Aikin azadiraktin iri biyu ne, kuma sanin su shi ke hana mai lambu karaya. Na farko, yana kashe wa ƙwaro sha'awar ci. Tsutsar da ta ɗanɗana ganyen da aka fesa takan daina ci, ta tsaya jugum a kansa. Na biyu, yana dagula mata girma. Fatar ƙwaro ba ta miƙewa, don haka kafin ya girma dole ya yi saɓa sau da yawa. Azadiraktin yana rikita sinadaran jikin da ke ba da umarnin saɓar, sai tsutsa ta maƙale tsakanin tsohuwar fata da sabuwa, ta mutu, ko ta fito nakasasshiya ba ta iya haihuwa. Duk wannan yana ɗaukar kwana uku zuwa mako guda. Saboda haka washegarin feshi za a ga tsutsotsi suna nan daram. Abin dubawa shi ne ganyen: shin an sami sababbin huji? Idan ɓarnar ta tsaya, magani ya kama.

Wannan ne ma ya sa ya fi cin ƙananan tsutsotsi da 'ya'yan fara da 'ya'yan farin ƙuda, masu sauran saɓa a gabansu. Balagaggen ƙwaro da ya gama girma sai dai a kore shi.

Yadda ake haɗa ruwan darbejiya

Mutane da yawa ganye suke jiƙawa, saboda shi ke kusa da hannu. Ganyen yana ɗan taimakawa, amma ƙarfin maganin a cikin ƙwallon ɗan yake. Idan 'ya'yan suka nuna suka yi rawaya suka fara zuba, a tsince su. Ƙarƙashin itacen da jemagu ke kwana ya fi sauƙi, domin sun riga sun tsotse naman sun yar da ƙwallon fes. Waɗanda ke da sauran nama a murje su a ruwa, a wanke, a shanya a inuwa mai iska har su bushe ƙayau. A adana a buhun da iska ke shiga ko a kwando. Leda tana sa su gumi su yi funfuna, kuma ƙwallon da ya yi funfuna na zubarwa ne, domin yana iya ɗauke da guba mai illa ga mutum. A fasa ɗaya a gani: lafiyayyen ƙwallo cikinsa haske ne mai ɗan kore-kore ko ruwan ƙasa mai haske. Idan ya yi baƙi, ya tashi daga aiki.

Ma'aunin da malaman gona suka fi bayarwa shi ne rabin kilo na dakakken ƙwallo a lita 10 ta ruwa. A daka a turmi, amma ba turmin dakan fura ba, don ɗacin ba ya fita da wuri. A ƙulle garin a ƙyalle a tsoma a bokitin ruwa da yamma, ya kwana. Da safe a matse ƙullin sosai har ruwan ya yi fari-fari kamar ƙasarin gero, warinsa kuma ya tashi, wari mai kama da na tafarnuwa. A narkar da ɗan gutsuren sabulun wanki, daidai girman kwalin ashana, a zuba a ciki. Amfanin sabulun shi ne ya sa ruwan ya kama ganye ya shimfiɗu. Ganyen kabeji, alal misali, yana da santsin da ruwa ke mirginewa a kansa ya zube. A guji garin sabulu mai ƙarfi, yana ƙona ganye. A sake tacewa da ƙyalle mai laushi, in ba haka ba tsaki zai toshe bakin famfo.

Da yamma ake feshin, bayan la'asar sakaliya. Dalilai uku ne. Hasken rana yana lalata azadiraktin cikin 'yan kwanaki, don haka gara ya sami dare guda yana aiki. Tsutsotsi da yawa da dare suke fitowa ci. Ƙudan zuma kuma ya koma amya. A fesa ƙarƙashin ganye fiye da samansa, domin a nan darɓa da farin ƙuda suke zama, a nan kuma ake ajiye ƙwai. Wanda ba shi da famfo ya tsoma tsintsiya mai laushi ya yarfa daga ƙasa zuwa sama, ko ya huda murfin gorar roba da allura. A maimaita bayan kwana biyar zuwa bakwai, a kuma sake idan ruwan sama ya wanke. Ruwan da aka haɗa ba ya ajiyuwa. Na yau na yau ne. Tukar da ta rage a ƙyalle a turbuɗe ta a gindin shuka: taki ce, kuma tana rage tsutsar saiwa.

Barkono, tafarnuwa da sauran na kusa

Bayan darbejiya, abin da aka fi ambata shi ne barkono da tafarnuwa. Suna da amfani, amma ƙarfinsu bai kai nata ba, kuma aikinsu ya fi karkata ga kora.

Don barkono, a daka kimanin giram 100 na busasshe mai yaji, a jiƙa a lita ɗaya ta ruwa ya kwana, a tace, a ƙara lita biyar ta ruwa mai ɗan sabulu. Haka ake yi da tafarnuwa, sai dai ita ɗanya ake dakawa, domin sinadarin da ke warin ba ya samuwa sai an farfasa ta. Wasu kan haɗa biyun, su ƙara albasa. Wannan ruwa yana rage darɓa da ƙananan tsutsotsi, yana kuma sa ɓera da zomo su yi baya-baya. Tsuntsaye kam ba ruwansu. Bakinsu ba ya jin yajin barkono, shi ya sa suke cin 'ya'yansa su watsa irin. Mai fesa ruwan barkono ya juya wa iska baya, ya rufe hanci da baki, kada ya kai hannu ido. Kuma duk wani sabon haɗi a fara gwada shi a kan shuka biyu ko uku, a jira kwana biyu. Idan gefen ganye ya ƙone, a ƙara ruwa.

Toka ma daga itace ta fito. Busasshiyar toka da aka tankaɗe, idan aka barbaɗa ta da sassafe a kan ganyen kuɓewa ko yakuwa mai sauran raɓa, tana damun ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke mayar da ganye rariya. A yi kaɗan-kaɗan, don toka mai yawa tana ƙona ƙaramar shuka.

Kakanninmu sun san wasu tsirrai na jeji da suke sa wa a rumbu: bunsurun fadama mai ƙarfin wari, ganye da 'ya'yan anza, ɓawon maɗaci. Masu bincike a ƙasashen Sahel sun gwada wasunsu, musamman anza da bunsurun fadama, sun tarar suna rage ƙwaron wake a ma'aji. A rufaffen wuri warinsu yana taruwa ya yi aiki. A sararin lambu iska ce ke kwashe shi.

Akwai kuma furen da ya fi kowane shahara a duniyar maganin ƙwari, farin fure mai ƙwayar ido rawaya da ake kira fairetiram. Asalinsa gaɓar tekun Dalmashiya ne a Turai, aka kai shi tsaunukan Kenya a ƙarshen shekarun 1920, Kenya ta daɗe tana kan gaba wajen noma shi. Garin busasshen furensa yana kayar da ƙwaro nan take, kuma daga tsarin sinadarinsa aka kwaikwayi magungunan feshi da yawa na zamani, har da wanda ake jiƙa gidan sauro da shi. Amma tsiron tudu ne mai son sanyi, ba ya fure da kyau a zafi irin namu. Mai lambu a Kano ko Maraɗi kada ya ɓata lokacinsa a kansa.

Shuka a cakuɗe

Feshi rabin zance ne. Ɗaya rabin shi ne yadda aka tsara lambun tun ranar dashe.

An daɗe ana cewa idan aka dasa ɗoɗɗoya ko albasa kusa da tumatir, warinsu zai kori ƙwari. Masana biyu a Ingila, Stan Finch da Rosemary Collier, sun zauna sun lura da yadda ƙudan da ke lalata saiwar kabeji yake neman kabejin. Sun gano cewa wari ne ke kawo shi unguwar, amma idan ya zo sauka ido yake bi: duk abin da yake kore sai ya sauka a kai. Ba ya yin ƙwai sai ya sauka a kan ganyen kabeji sau da yawa a jere. Idan kabeji kaɗai ne a tsakiyar ƙasa tsirara, duk saukar da zai yi a kan kabeji ce. Idan akwai wasu ganyaye a tsakani, sai ya sauka a kan kabeji, ya tashi ya faɗa kan wani abu daban, lissafinsa ya ruguje, ya sake daga farko, har ya gaji ya tafi. Da suka gwada tsirrai masu ƙamshi da marasa ƙamshi, masu ƙamshin ba su fi ba. Har koren kwali da aka yanka aka kafa a tsakanin shukar ya rikita ƙudan.

Wannan bincike ya gaskata abin da manomin ƙasar Hausa ke yi tun kaka da kakanni, wato haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, a jefa kuɓewa da yakuwa da riɗi a gefe. David Norman, wanda ya yi nazarin ƙauyukan Zariya daga cibiyar bincike ta Samaru a shekarun 1960 da 1970, ya nuna cewa wannan cakuɗawar lissafi ce mai kyau, ko da yake a lokacin malaman gona da yawa suna ganin ta ci-baya ce. A lambun gida darasin a fili yake. Maimakon fangali shida na tumatir a jere, a raba su: tumatir, albasa, latas, tattasai, karas, alayyafo. Sai dai a tuna tumatir da tattasai da attaruhu da gauta da yalo dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, ƙwarinsu kusan ɗaya. Jera su kusa da juna ba cakuɗawa ba ce, haka ma dasa ɗaya a gurbin ɗaya a shekara mai zuwa.

Wannan ba ya nufin ƙamshi ba shi da tasiri ko kaɗan. A 2019 masu bincike a jami'ar Niyukasil ta Ingila sun nuna cewa furen marigol, ɗan gajeren furen nan mai ruwan goro da ake dasawa don ado, yana rage farin ƙuda a kan tumatir saboda wani sinadari mai ƙamshin lemo da yake fitarwa. Amma ya fi tasiri idan an dasa shi tare da tumatirin tun farko. Da aka kawo shi bayan ƙudan ya yi yawa, taimakonsa kaɗan ne.

Babban aikin marigol ma a ƙarƙashin ƙasa yake. Idan tumatir ko kuɓewa ta tsumbure, tana yaushi da rana alhali ana ba ta ruwa, a tumɓuke ɗaya a wanke saiwar. Idan aka ga ta yi ƙulu-ƙulu, tsutsar saiwa ce, wata 'yar mitsitsiyar tsutsa da ido ba ya gani. Kada a rikita wannan da ƙulullukan da ke jikin saiwar wake da gyaɗa, waɗanda su alheri ne, taki suke tarawa. Bambancin a yatsa yake: na wake a gefen saiwa suke manne, ana murzawa su faɗi; na cuta kumburin saiwar ne kanta, ba sa ɓantaruwa. Saiwar marigol tana fitar da gubar da ke kashe wannan tsutsa. Sai dai ƙwaya biyu a bakin fangali ba za su yi komai ba. A cika fangalin da shi, a bar shi wata biyu zuwa uku, sannan a nome shi cikin ƙasa a dasa tumatir.

Akwai kuma dabarar tarko. A yammacin Kenya, a gaɓar tafkin Biktoriya, masanin ƙwari Zeyaur Khan na cibiyar binciken ƙwari ta icipe, tare da abokan aikinsa na cibiyar Rothamsted a Ingila, sun ɓullo da wani tsari a shekarun 1990. Ana shuka wata ciyawa dangin wake mai suna desmodiyam a tsakanin layukan masara, warinta yana korar malam-buɗe-littafin daren da ke haifar tsutsar kara. A kewayen gonar kuma ana dasa doguwar ciyawar giwa, wadda ke jawo shi ya yi ƙwai a kanta. Idan tsutsotsin suka ƙyanƙyashe suka huda karan, wani ruwa mai danƙo ya kashe mafi yawansu. Daga baya aka lura desmodiyam yana hana ƙuduji sakewa. A Indiya ma ana shuka layukan mastad a tsakanin kabeji don su janye tsutsar kabeji. Ƙaramin lambu ba ya bukatar duk wannan tsari, amma yana iya ɗaukar darasinsa: layi biyu na masara ko dawa a kewaye, musamman ta inda iska ke kaɗowa, suna tare darɓa da farin ƙuda kafin su isa tattasai, su ne kuwa ke yaɗa cutar da ke nannaɗe ganye.

Ma'aikatan da ba a biya

A juya ganyen kuɓewar da darɓa ta kama a duba da kyau. Za a ga ƙananan ƙwari kore ko baƙi sun yi cincirindo a jikin jijiyoyin ganyen, ganyen yana naso da wani ruwa mai danƙo, tururuwa na hawa da sauka suna lasarsa. Tururuwan makiyayan darɓa ne, suna gadinta saboda zaƙin. A ƙara dubawa. Sau da yawa a cikin taron akwai wasu da suka kumbura suka bushe suka koma ruwan ƙasa, wasu da ɗan huji zagayayye a baya. Wani mitsitsin zanzaro ne ya yi ƙwai a cikinsu, ɗansa ya cinye su daga ciki ya fice. Ana iya ganin wata 'yar tsutsa baƙa mai ɗigon ruwan goro da ƙafa shida tana kutsawa cikinsu tana ci: 'yar jan ƙwaron nan ce mai sheƙi da ɗigo-ɗigo baƙi, mai siffar rabin ƙwayar wake, wanda shi da 'ya'yansa darɓa ce abincinsu. Yana da wani ɗan'uwa maras sheƙi mai ɗan gashi-gashi da ke kankare ganyen kabewa da kankana. Wannan kam maɓarnaci ne.

Idan aka ga waɗannan alamu, sau da yawa abin da ya fi shi ne a dakata kwana biyu ko uku. Maganin kwalba mai kashe komai yana share darɓar tare da masu cinta, ita kuwa ta fi su saurin hayayyafa, sai ta dawo ta tarar babu mai tsare ta. Ruwan darbejiya ya fi sauƙi a kansu, domin ya fi cutar da ƙwaron da ya ci ganye, ko da yake shi ma idan aka yi masa yawa yana taɓa 'ya'yansu.

Manyan waɗannan ƙwari masu amfani da yawansu ruwan fure suke sha. Don haka a bar ɗoɗɗoya biyu ko uku su yi fure, a bar karas ɗaya da albasa ɗaya su yi kai, a jefa riɗi a bakin fangali. A gabashin Sin manoman shinkafa suna shuka riɗi a kan gaɓar gonakinsu saboda wannan dalili. Ƙoƙi-ƙoƙi, gizo-gizo, kwaɗo, ƙadangare, bushiya da rina duk suna cikin ma'aikatan. Rinar da ke gini a ƙarƙashin rumfa tsutsa take kai wa 'ya'yanta. In ba a hanyar yara take ba, a ƙyale ta.

Waɗanda za a yi hattara da su

Kasancewar abu daga tsiro ya fito bai sa ya zama maras illa ba. Ruwan taba yana kashe ƙwari sosai, amma nikotin da ke cikinsa yana ratsa fatar mutum, kuma kofi ɗaya na jiƙon yana iya halaka yaro. Ban da haka taba tana ɗauke da cutar da ke kama tumatir da tattasai. A bar ta. Magimfa, wadda masunta suka sani da sa kifi ya taso, tana kashe ƙwari, amma ko kaɗan ta shiga tafki ko rafi kifin ya mutu, kuma bincike ya alaƙanta sinadarin rotinon irin nata da cutar karkarwar jiki ga masu yawan mu'amala da shi. Ƙwallon zurma da na bini-da-zugu guba ne. Farin ruwan tumfafiya yana lahanta ido. Zaƙami kuwa kowa ya san aikinsa. Babu ɗayansu da ya dace da lambun da ake ci daga cikinsa kullum.

Ita kanta darbejiya, man ƙwallonta ba abin ɗura wa jariri ba ne. An sami yaran da ya jefa cikin mummunan hali. A ajiye bokitin jiƙo inda yaro ba zai kai ba, kada a zuba kowane haɗi a gorar lemo ko ta ruwan sha, kada a wanke famfo a bakin rijiya. Ganyen da aka fesa a bar shi kwana biyu ko uku, a wanke shi sosai kafin a dafa. In ba haka ba miyar ma za ta faɗa da bakinta, don ɗacin yana bi.

Inda ƙarfinsa ya tsaya

A 2016 manoman tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa sun ga abin da ba su saba gani ba. Wata ƙaramar tsutsa 'yar asalin Kudancin Amurka, wadda masana ke kira Tuta absoluta, manoma kuma suka laƙaba mata sharon, ta shiga gonaki ta ƙone su cikin 'yan kwanaki, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi. Wannan tsutsa cikin naman ganye take shiga ta yi rami, inda feshi ba ya isa sosai, kuma ta riga ta saba da magunguna da yawa. A shekarar ce kuma aka fara ganin tsutsar masara mai cin kan shuka a Afirka ta Yamma, ita ma daga nahiyar Amurka. Irin wannan annoba idan ta sauka da ƙarfinta, ruwan darbejiya kaɗai ba zai tsayar da ita ba. Maganin kwalba ma bai tsayar da ita ba a shekarar. Sabawar ƙwari da guba tsohon labari ne: tun a 1953 aka ba da rahoton tsutsar kabeji ta daina jin maganin DDT a tsibirin Jaba na Indunusiya. Ɗanyen ruwan darbejiya yana da sinadarai masu yawa da ke aiki tare, shi ya sa sabawa da shi ta fi wuya.

Abin da mai ƙaramin lambu ya fi mai babbar gona da shi shi ne yana iya sanin kowace shuka. Fangali goma ana zagaya su kafin shayi ya huce. A zagaya da safe, a juya ganye, a murƙushe ƙwai da yatsa, a tsince manyan tsutsotsi a watsa wa kaji, a cire ganyen tumatir da aka ga farin zane a cikinsa a ƙona ko a binne da zurfi. Shukar da ganyenta ya nannaɗe ya yi rawaya saboda cuta ba ta warkewa, a tumɓuke ta kafin ta shafa wa sauran. A rufe wurin renon iri da tsohon gidan sauro, domin dashen da ya fito da cuta daga reno ba ya yin albarka. A fara feshin darbejiya da ganin ƙwari na farko, a riƙe shi mako-mako har matsalar ta lafa. Kada a cika takin zamani, don ganye mai laushi da ruwa-ruwa shi darɓa ta fi so. Bayan girbi a kwashe karmami a ƙona, kada a bar wa ƙwari wurin jiran shuka ta gaba.

Wanda ya riƙe waɗannan zai ci gaba da ganin huji a ganyen alayyafonsa jefi-jefi, kuma wani kaso na amfanin zai tafi ga ƙwari kowace shekara. Wannan kason shi ne abincin masu yi masa gadi, kuma ya fi arha a kan kuɗin kwalba da haɗarinta. Abin da ya kai ga girbi kuma yana da nasa maƙiyan a cikin buhu da rumbu, su ne za mu duba a babi na gaba.